WA ZAI CI KYAUTAR FIM TA BANA?

Akwai wata gardama da takan taso a makarantarmu kowace shekara, da zarar an ji bikin raba kyaututtukan fina-finai na Ikko ya gabato. Sai ka ga yara sun rabu gida-gida a lokacin tara, 'yan Rurum da nasu gwani, 'yan Saya-Saya da nasu, kowa na rantsuwa cewa nasa ne zai ci. Har akan sami masu sa kuɗin tararsu a kai, wanda kuwa caca ce tsantsa, kome sunan da aka ba ta. Ni a nawa ra'ayi, kusan dukanmu a makance muke wannan kintace, domin wanda muke so muke dubawa, mun manta da tambayar wa ke yanke hukuncin.

Bari in fara da bayanin bikin, saboda iyayenmu da ba su san shi ba. Sunansa a taƙaice AMVCA. Kamfanin MultiChoice, watau masu DStv da GOtv, su ne suka fara shirya shi a shekarar 1913 da ɗari a kai, ina nufin 2013, kuma a Ikko ake yinsa. An tsallake 2019 da 2021 ba a yi ba. Daga 2022 zuwa 2025 a watan Mayu aka riƙa yi. Kyaututtukan iri biyu ne. Akwai waɗanda alƙalai masana sana'ar ke zama su zaɓa, akwai kuma waɗanda 'yan kallo ke jefa wa ƙuri'a ta intanet. Wanda bai san wannan bambanci ba, don Allah ya daina ɗaga mana murya a aji.

Shekaru da dama fina-finan Hausa suna da rukuninsu na kansu, kamar yadda na Yarabanci da na Ibo suke da nasu. A nan ne shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya ci a 2016, Mansoor na Ali Nuhu ya ci a 2018, Voiceless ya ci a 2022, sa'an nan Aisha na Abubakar Bashir Maishadda ya ci a 2023. A wancan lokaci kintace yana da daɗi, domin duk yadda ta juya ɗan gida ne zai ɗauka. Kokawa ce tsakanin wa da ƙane.

To, amma a 2024 sai aka sake tsari. Aka rushe waɗancan rukunai, aka haɗa dukan harsunan gida na Afirka ta Yamma wuri guda, aka kuma bar wa 'yan kallo zaɓi. A shekarar, Jagun Jagun na Femi Adebayo ne ya ci, fim ɗin Yarabanci. A 2025 fim ɗinmu na Hausa, Mai Martaba, ya shiga cikin jerin 'yan takara, amma Lisabi ya ɗauke kyautar. Shi ma na Yarabanci ne. Saboda haka ga nawa kintacen, kowa ya rubuta ya ajiye: in dai an ci gaba da wannan tsari, fim ɗin Yarabanci ne zai sake ci. Ba na faɗin haka da farin ciki.

Na san abin da abokaina za su ce. Za su ce ai son kai ne, bikin nasu ne, a garinsu ake yi, kuma kowa ya san mai wuri shi ke shimfiɗa tabarma. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Haɗa Bahaushe da Bayarabe da mutumin Gana a rukuni guda ya rage wa kowa rabo, kuma mu ya fi cuta. Amma fa mu tsaya mu dubi wa ke jefa ƙuri'ar. Mutum ne mai waya babba, mai kuɗin data, wanda ya ga fim ɗin, ya kuma san ranar da aka buɗe zaɓe da ranar rufewa. Jagun Jagun da Lisabi duka a Netflix suka fito, inda Bayaraben Ibadan da na Landan suka kalle su a mako guda. Mu kuwa yaya muke kallo a nan Rano da Kibiya? Yaro ya kai wayarsa shagon masu tura fina-finai, a cika masa ita, ya koma gida su taru su shida a kan waya ɗaya. Kallo dai an yi, an yi dariya, an haddace waƙoƙin. Amma babu wanda ya ƙirga su, mai fim bai ga ko kwabo ba, kuma cikin su shidan da wuya a sami wanda ya taɓa jefa ƙuri'a. Na tambayi 'yan ajinmu masu zafin gardamar nan ko akwai wanda ya taɓa zaɓa, sai kowa ya kama susar ƙeya.

Wani abin kuma, hankalin masu shirya fina-finanmu ya fi karkata ga shirye-shirye masu dogon zango, irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad. Su ne ake kallo a gidajenmu, su ne ake hirarsu a bakin rijiya da wurin mai shayi. Mai kintacen da ya ɗauki farin jinin waɗannan ya auna gasar Ikko da shi, ya auna hatsi da mudun da ba na kasuwar ba.

Inda alƙalai ke zaɓe kuwa, lissafin dabam ne, kuma a nan ne nake ganin muna da abin koyo. Akwai wata gasar mai suna AMAA, wadda marigayiya Peace Anyiam-Osigwe ta kafa a 2005. A can ne Ali Nuhu ya sami kyautar ɗan wasa mai tasowa a 2007, saboda rawar da ya taka a fim ɗin Sitanda. A 2020 kuma The Milkmaid, wanda yawancin maganar cikinsa Hausa ce, ya zama fim mafi kyau a gasar baki ɗaya, Maryam Booth ta sami kyautar mataimakiyar tauraruwa. Labarin wata 'yar Fulani mai tallan nono ne, da abin da 'yan tada ƙayar baya suka yi wa ƙauyensu. Alƙali ba ruwansa da yawan masoyan ɗan wasa. Yana duban labari, da hasken hoto, da sauti, da ko kukan da aka yi ya yi kama da kuka. In aka ce mini fim ɗin Hausa ya shiga irin wannan gasa, tambayata ta fari ita ce: a kan me aka yi shi, kuma wata nawa aka ɗauka ana yinsa? Fim ɗin da aka ɗauka cikin kwana goma a falo biyu da lambu ɗaya, ko da waƙarsa ta cika gari, ba zan sa shi a gaba ba.

Kada kuma a ce harshenmu ne cikas. A 2019 masu gasar Oscar ta Amurka sun fitar da Lionheart na Genevieve Nnaji daga rukunin fina-finan ƙasashen waje saboda Turanci ya yi yawa a cikinsa. Bayan nan Nijeriya ta aika The Milkmaid, daga baya kuma ta aika Mai Martaba don gasar 2025. Ba su kai ga ci ba, amma ƙasa guda ta ɗauki fim ɗin Hausa har sau biyu ta ce shi ne wakilinta. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa nan, ai an yi tafiya.

Ga iyayenmu, ina roƙo kada ku ɗauki duk wannan hira a matsayin shiririta. Cacar kam a hana, ina bayanku. Amma yaron da ya iya zama ya bayyana dalilin da ya sa wannan labari ya fi wancan tsari, darasin adabi yake yi, irin wanda malamin Hausa ke nema a wurinmu ranar jarrabawa.

Ku kuma 'yan'uwana, in jerin sunayen 'yan takara ya fito bana, kafin kowa ya buɗe baki ya fara gano ko rukunin na alƙalai ne ko na ƙuri'a. In na ƙuri'a ne kuma akwai fim ɗin Hausa a ciki, kuɗin da za a sa a caca a haɗa a sayi data, a ari wayar yaya ko ta kawu a zaɓa. Ni dai na riga na faɗi nawa kintacen, kuma zan fi kowa murna in 'yan Rano da Kibiya suka ƙaryata ni. Wassalam.