KADA A KASHE MANA AKWATIN REDIYO

Ya ku 'yan'uwa na rassan Matamaye, Kance, Dan Barto da Magarya,

Akwai maganar da muke so ta shiga kunnenku tun ba ta zama doka ba. Ana kwaɗaita wa ƙasashen Afirka wani sabon rediyo, wai shi na dijital, wanda Nasara ke kira DAB. A 2023 ƙasar Gana ta fara gwada shi a Akara da Kumasi. Abin da ya iso Akara kuwa bai yi nisa da Yamai ba, kuma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin yi.

To, mene ne abin? Rediyonmu na FM yana tafiya tsakanin megahaz 87.5 da 108. Shi DAB can sama yake, daga 174 zuwa 230, kuma ba murya yake aikowa ba, lambobi ne, sai akwatin da aka ƙera dominsa ke mayar da su magana. Ma'ana, akwatin da ke rataye a rumfar mahauci, da na mai shayi a tasha, da ƙaramar salular da manomin rake ke saurare a garka, duk ba mai kama shi. Ran da aka rufe FM, ran nan sun zama gwangwani. A sake saye ke nan. Wa ke ƙerawa? Ba Damagaram ba, ba Kano ba. Kuɗin gyaɗa da wake su fita waje, a kawo mana akwatin da ya fi tsohon cin pil.

Ba mu ƙi gaskiya ba: kusa da tasha muryarsa tas take, kuma tashoshi fiye da goma suna shiga hanya guda. Amma talaka ba kusa da tasha yake zaune ba. FM in ya yi nisa sai ya riƙa shuu, ka ɗaga eriya, ka juya akwatin, ka hau kan katanga in ta kama, ka tsinci sanarwar rasuwa ko ta allurar yara ko cigiyar saniya. Na dijital bai san haka ba: ko ka ji duka, ko shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Mu da muke koyarwa a lakwal ta ƙauye mun san darajar wannan shuu ɗin. Sau nawa ta nan labarin ranar jarrabawa ya riga takardar sufeto isowa?

Ga kuma abin da ya fi damunmu. Yau kowane rediyon karkara da na'urarsa, da sandarsa, da hasken rana. Tun da aka fara da na Bankilare, sun haura ɗari a Nijar, suna magana da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci. A tsarin DAB tashoshi taruwa suke a na'ura guda, kowa ya biya haya. Ƙaramar tasha da ke rayuwa da kuɗin gaishe-gaishe, dala ashirin, dala hamsin, ina za ta samo kuɗin haya? Kuma wanda ya riƙe makullin na'urar nan ya riƙe bakin kowa, ko kamfanin waje ne ko wani mai iko. Iyayenmu sun san zamanin da labari ba ya fitowa sai daga ofishin kumandan. Rediyon Nijar ya fara a 1958, aka kafa kulob-kulob na masu saurare a 1962 don manomi ma ya mayar da magana. Ba za mu koma ƙofa ɗaya ba.

Masu tallar abin za su ce Nowe ta rufe FM na manyan tashoshinta a 2017. Haka ne. Sai ku tambaye su, Nowe Kance ce? Ko can ma an bar ƙananan tashoshi a kan FM. Finlan ta gwada DAB ta rufe shi a 2005, Hongkong a 2017, rediyon gwamnatin Ailan a 2021. Na Suwizalan ya bar FM a ƙarshen 2024, masu saurare da yawa suka watse. Waɗannan fa masu lantarki dare da rana ne.

Abin da muke nema a fili yake. Kada a yanka ranar rufe FM ba tare da shawarar talakawa ba. Kuɗin da za a zuba a gwaji, a sai wa rediyon karkara batir da faifan hasken rana, a gyara na'urorin Muryar Sahel, a biya matasan da ke aiki a can kyauta.

Kowane sakataren reshe ya karanta wannan takarda a taron mako, da ƙarfi, saboda waɗanda ba su yi boko ba. Sa'an nan a ƙidaya akwatunan rediyo na unguwa, gida gida, har da na salula, a rubuta, a ba direban da ya kawo muku jaridar nan ya dawo mana da lissafin ran kasuwa.