Raddi Ga Mai Cewa Haƙurin Masana Sarƙar Talaka Ne

A wata majalisa a Dakata, wani ɗan'uwa mai karatu ya soki koyarwar Zeno da mabiyansa, waɗanda Larabawa ke kira Riwaƙiyyun. Hujjojinsa uku ne, kuma ban yarda da ko ɗaya ba.

Ya ce hikimar ƙoshi ce, ta sarakuna irin Markus Awreliyus da ya mulki Rum daga 161 zuwa 180. Malam, ina ka bar Efiktitus, ɗaya daga malamansu? Bawa ne, gurgu kuma, sai daga baya aka 'yanta shi. Markus ɗin ma daga darussan wannan bawan ya sha.

Ta biyun ce ta fi nauyi. Ya ce idan ka koya wa leburan Sharada ko Bompai ya natsu, ka miƙa wa mai kamfani wuyansa. A nan ya haɗa haƙuri da mutuwar zuciya. Abin da Riwaƙiyyun suka koyar shi ne mutum ya rarrabe abin da ke hannunsa da wanda ba ya hannunsa. Masaƙin da aka sallama bayan an rufe masaƙa ba shi ya ɗauke wuta ba, ba shi ya tsadar da dizal ba, ba shi ya cika Kantin Kwari da atamfar Sin ba. In ya kwana yana cin ransa a kansu, hawan jini zai samu, iyalinsa kuma su sha faɗa ba laifinsu. Amma neman haƙƙin sallamarsa, da shiga ƙungiyar ƙwadago, da ƙin ɗaukar kayan da ba nasa ba, duk a hannunsa suke, kuma adalci ɗaya ne daga ginshiƙan halin kirki huɗu a wajensu. Helbidiyus Firiskus, mabiyinsu, ya ƙi yi wa Sarki Besfasiyan shiru a majalisar Rum har aka kashe shi.

Ta ukun, ɗan'uwan ya ce koyarwar baƙuwa ce ga Musulmi. Aƙidar Riwaƙiyyun game da Ubangiji ba tamu ba ce, wannan na yarda. Amma Alkindi, masani Musulmi a Bagadaza ta ƙarni na 9, ya rubuta risala kan dabarar kore baƙin ciki, ya ɗauko misalin Efiktitus na matafiyan da jirginsu ya tsaya a gaɓa, wasu suka shagala da tsintar duwatsu da furanni. Ya tace ya ɗauki mai amfani. Mai majemar Challawa ma haka yake yi da fata: ya kankare gashi, ya riƙe ƙirgi.