RA'AYINMU: Abotar manyan ƙasashe tana bin amfani

A cikin gari idan mai ƙarfi ya zalunci talaka, akwai alƙali, akwai jandarma. Amma tsakanin ƙasashe babu wani sarki da ke bisa kowa. Daga nan ne masana suka tsamo ra'ayin duban zahiri, wanda ake kira «réalisme» da faransanci. Hans Morgenthau, wani malamin jami'a a Amurka, ya bayyana shi cikin littafinsa na 1948: kowace ƙasa tana neman amfanin kanta, kuma da ƙarfi ake auna wannan amfani.

Mu dubi abin da ya faru a gabashin Afirka. A 1974 Tarayyar Sobiyet ta ƙulla yarjejeniyar abota da Somaliya, ta ba ta makamai. Da Habasha, wadda a dā take tare da Amurka, ta juya ga gurguzu, sai Mosko ta hango abokiya mafi girma da yawan jama'a. A 1977 sojojin Somaliya suka shiga yankin Ogaden na Habasha. Sobiyet ta juya wa tsohuwar abokiyarta baya, ta yi wa Habasha jigilar makamai, Kuba ta aika dubban sojoji. Shugaba Siyad Bare ya kori mashawartan Sobiyet, a watan Maris 1978 ya janye sojojinsa. A 1980 ya buɗe wa Amurka tashar jiragen ruwa ta Berbera. Cikin shekara shida kowa ya sake aboki, talakawa suka kwashe gawawwaki, dubun dubatai suka yi gudun hijira.

Sai dai wannan ra'ayi bai faɗi dukan gaskiya ba. Nijar da Benin sun daɗe suna jayayya kan tsibirin Lete, suka kai maganar gaban Kotun Duniya ta Lahe. A 2005 kotun ta yanke cewa tsibirin na Nijar ne, ƙasashen biyu suka karɓi hukuncin ba tare da yaƙi ba. Ke nan doka tana aiki inda masu jayayya suka yarda da ita, kuma ita ce garkuwar wanda ba shi da manyan bindigogi.

Don haka, duk ma'aikacin da zai sa hannu bisa wata yarjejeniya da sunan ƙasa, ya kamata ya tambaya: mene ne ribar ɗaya ɓangaren, kuma yaya za mu kasance ranar da ribar ta ƙare? Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.