Saniya ta kasa tashi bayan haihuwa: kada a yi saurin kiran mahauci

Ƴan'uwana makiyaya, akwai abin da na sha gani a yankin Dakoro har ya dame ni. Karsana ta sha wuya wajen haihuwa, an ja maraƙi da igiya, ta kwanta ta kasa tashi. Tun rana ba ta faɗi ba an kira mahauci, ya saye ta a kuɗin da bai kai rabin farashinta ba. A ganina, sau da yawa gaggawa ake yi.

Idan maraƙi ya daɗe a maƙale, yana danne jijiyoyin da ke bi ta ƙugu zuwa ƙafafun baya. Ba jijiyar jini nake nufi ba, jijiyar saƙo ce, wadda ke fitowa daga laka ta kai umarni ga tsoka. Ita laka idan ta tsinke ba ta komawa, amma waɗannan jijiyoyi na ƙafa suna gyara kansu.

Kowane zaren jijiya yana da ƙwayoyin halitta da ke naɗe shi tun dabba na ciki, kamar robar jikin wayar lantarki. Ana kiran su ƙwayoyin Schwann, da sunan wani masani Bajamushe. Idan rufin nan kaɗai ya ƙuje, saƙo yana dawowa cikin kwanaki ko ƴan makonni. Idan zaren ya murƙushe, ɓangaren da ke ƙasa da raunin yana mutuwa. Wani likitan Ingila, Augustus Waller, ya nuna haka a jikin kwaɗi a 1850. To a nan ƙwayoyin Schwann ke aiki: su taimaka a share mataccen, su jeru su yi hanya, sabon zare ya biyo ta. Sai dai tafiyar hawainiya ce, kusan milimita 1 a rana. Santimita 30 ke nan wata 10, kuma tsoka tana ramewa kafin nan. Idan kuwa jijiyar ta rabu biyu, da wuya ta haɗu.

Shi ya sa ba na cewa a jira kowace saniya. A kira ma'aikacin kiwon lafiyar dabbobi tun ranar farko, ya duba ko karaya ce ko ƙarancin kalsiyom, don shi wannan magani ke tayar da shi. Idan tana ci, tana tuƙa, idonta garau, tana yunƙurin tashi, a ba ta kwana 10 zuwa 14.

Jiran kuma aiki ne. A kwantar da ita kan rairayi mai laushi a inuwa, a kai mata ruwa da harawa. A riƙa juya ta sau da yawa a yini, har da dare, saboda nauyinta kaɗai yana kashe tsokar ƙafar da ta danne cikin ƴan awoyi. A ɗaure ƙafafun baya da igiya mai laushi, a bar kamar kamu ɗaya a tsakani, kada su buɗe. Na san mai tiren shanu talatin ba shi da hannun yin wannan shi kaɗai. Ƙungiyarmu ta kamata ta tsara yadda maƙwabta za su riƙa karɓar juna.

Allura kuma, musamman ga maraƙi da ramammiyar dabba, a yi ta a wuya. Babbar jijiyar ƙafa tana bi ta bayan cinya, kuma na ga ɗan maraƙi yana jan ƙafa wata da watanni saboda allura ɗaya da aka soka masa a nan.