SHAWARAR WATA: Mai son hawa Kogin Isa ya shirya tun kaka

Damagaram ƙasa ce ta rijiya da tabki. Akwai tabkin Gidimuni, akwai fadamun Korama, akwai garaken Miriya. Amma babu kogi mai gudu rani da damana. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga Zinder suka kai Yamai a 1926. Shi ya sa mutum kan tsufa a Tanut ko Gure ko Magarya bai taɓa taka jirgin ruwa ba.

Yanzu mutane da yawa suna zuwa Yamai. Wani zai gaida ɗansa, wani zai biki, wani zai cin rani. Wanda ya kai can, ga kogi gabansa. Gani ya kori ji. Amma hawa jirgi yana son shiri, don kada kuɗi su lalace, kada kuma rai ya salwanta.

KOGIN DA KANSA

Zabarmawa suna ce masa Isa Beri, wato babban kogi. Hausawan kudu suna ce masa Kwara. Ya fito daga duwatsun ƙasar Gine. Ya ratsa Mali, ya shigo Nijar, ya bi iyakar Benin, ya sauka Nijeriya har teku. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 4,180. Wajen kilomita 550 daga ciki suna ƙasar Nijar.

LOKACIN TAFIYA

A Yamai kogi yana cika sau biyu a shekara.

Cikar farko ita ce jan ruwa, a Agusta da Satumba. Ruwan damana ne da Sirba da Dargol da Gorwal suke kawowa daga wajen Burkina Faso. Ruwa ne mai ƙarfi, mai laka. A Satumba 2020 ya kai wajen mita 7, ya karya madatsai, ya ci unguwanni a Yamai. Wannan ba lokacin yawo ba ne. Manomi ma yana gona.

Cika ta biyu ita ce baƙin ruwa. Ruwan Gine ne. Yana daɗewa cikin fadamun Masina a Mali, sa'an nan ya iso Yamai daga Disamba zuwa Fabrairu. Yana zuwa a hankali, kogi ya yi faɗi, jirgi ya tafi sumul.

Da bazara kuwa ruwa yana janyewa, rairayi ya fito, jirgi ya riƙa kafewa. A Yuni 1985 ma kogi ya daina gudu a Yamai saboda fari.

Ke nan lokaci mai kyau shi ne ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu. Allah ya sa ya zo daidai da hutun manomi. Gero ya shiga rumbu, an sayar da wake da gujiya, dabbobi suna cin kara a gonaki.

KUƊIN TAFIYA

Mai niyya ya fara ajiya tun kaka. Ya raba kuɗin kashi biyar: kuɗin mota zuwa da komowa, kuɗin abinci, kuɗin masauki, kuɗin jirgi, da kuɗin ko-ta-kwana. Kuɗin komowa a ƙulle su dabam, kada a taɓa.

Kada a sayar da hatsin da iyali za su ci da bazara don a je kallo. Kada a ci bashi da alkawarin amfanin baɗi. Wanda ke cikin adashi ya roƙi a ba shi kwasarsa wajen Disamba. Makiyayi ya sayar da bunsuru ko rago tun dabba tana da ƙiba.

Guzuri daga gida yana rage kashe kuɗi: ƙuli-ƙuli, dabino, soyayyar gujiya, garin fura. Wanda yake da ɗan'uwa a Yamai ya aika masa tun da wuri, ya huta da kuɗin masauki.

HANYA

Daga Zinder zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne. Hanya ta bi ta Tasawa, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogonduci da Doso. Manyan motoci suna tashi tun kafin asuba, sai dare su isa. A sayi tikiti kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tafiya. A saya a wurin mai sayarwa cikin tasha, ba hannun ɗan kamasho a bakin ƙofa ba. A duba rana da sa'a a jikin takarda. Wanda bai iya karanta Faransanci ba ya nemi ɗan makaranta ya karanta masa. A riƙe katin shaidar ɗan ƙasa, don akwai shingen jami'an tsaro a hanya.

WANE JIRGI ZA A SHIGA?

Jirgi iri biyu ne. Akwai na kasuwa, mai ɗaukar mutane da kaya, kowa ya biya kuɗin kansa. Akwai na shata, wanda mutum zai ɗauka shi da abokansa su kaɗai. Na kasuwa ya fi araha ƙwarai. Na shata ya fi tsada, amma yana tsayawa inda ake so.

Haka abin yake har a Turai. A ƙasar Nowe, can ƙarshen arewa, akwai jiragen Hurtigruten. An fara su a 1893 don kai wasiƙu da kaya da mutane garuruwan bakin teku. Suna tashi daga Bergen zuwa Kirkenes, suna tsayawa a tasha 34, zuwa da komowa wajen kwana 12. Baƙi suna shiga don kallon duwatsu da teku. Mai ƙaramin ƙarfi ba dole ya biya tafiyar duka ba. Yana iya sayen tikiti daga tasha ɗaya zuwa wata. Dabarar ke nan a ko'ina: a shiga jirgin da mutanen gari suke shiga, a ɗauki tafiya daidai aljihu.

Mai son shata ya tara abokai. Misali, in mai jirgi ya ce jika 10, mutum 5 kowa jika 2 ke nan.

A gama ciniki tun ƙafa tana tudu. A tambaya: kuɗin na kowane mutum ne, ko na jirgi duka? Zuwa kaɗai ne, ko da komowa? Wa zai sayi mai? Sa'a nawa za a yi? A ba da rabi da farko, sauran sai an sauka. In da hali, a tafi da ɗan gari mai jin Zabarmanci.

INA ZA A JE?

Baƙo ya fara da cikin Yamai. Daga jirgi zai ga gadar Kennedy da aka buɗe a 1970, da gada ta biyu ta 2011, da ta uku mai sunan Janar Seyni Kunce ta 2021. Zai ga masunta da tarunansu. Zai ga gonakin shinkafa na Saga da Kirkisoy, inda ake noma sau biyu a shekara da ruwan kogi. Makiyayi ya dubi burgu, ciyawar da ke tsirowa cikin ruwa. Ana yankarta ana kai wa shanu da rani.

Bubon tana wajen kilomita 25 daga Yamai. Kasuwarta Laraba take ci, ta yi suna wajen tukwane da tuluna. Ayoru kuwa tana wajen kilomita 200, kasuwarta ta Lahadi ta shahara tun da.

Amma a yi hattara. A 2017 gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci a sassan jihar Tillaberi saboda ƴan bindiga. A Satumba 2023 an kai wa babban jirgin fasinja mai suna Tumbutu hari a Mali, mutane da yawa suka rasu. Kada kowa ya wuce Yamai ya nufi arewa sai ya tambayi jandarma ko hukumar wurin. In an ce kada a je, to kada a je.

KIYAYE RAI

Araha ba ta ado. Jirgin da ya fi kowane araha sau da yawa shi ne wanda aka cika fiye da kima.

A Satumba 2017 wani jirgi ya ɗauko ƴan kasuwa daga Gaya zuwa Lolo a jihar Kabi. Ya kife, mutum fiye da 30 suka rasu. A Yuni 2023 wani ya kife da dare a Pategi, jihar Kwara, da ƴan biki a ciki. Fiye da 100 suka rasu.

Saboda haka:

1. In bakin jirgi ya kusa taɓa ruwa don nauyi, a jira na gaba.
2. Kada a hau da dare, ko cikin hazo mai kauri, ko in iska ta taso.
3. A nemi rigar ruwa, wadda ke hana nutsewa. A fara sa wa yara da mata.
4. A zauna wuri ɗaya. Kada a tashi tsaye, kada a taru gefe guda.
5. Dorina a kalle ta daga nesa. Mai ɗa ta fi haɗari, tana kifar da jirgi.
6. Kada a sha ruwan kogi, kada a yi wanka a gaɓa, saboda tsargiya. A kwana cikin gidan sauro.

Mutumin tudu bai iya iyo ba, kuma babu kunya a faɗa wa mai jirgi haka tun kafin a tashi.

Tafiya mabuɗin ilimi ce. Wanda ya je ya komo, ya zauna a dandali ya ba ƴan garinsu labarin shinkafa da burgu da dabarun ban-ruwa. Wataƙila wata dabarar ta yi amfani a garaken Korama.

Allah ya kai lafiya, ya maido lafiya. Sai wata mai zuwa.