Filin Girki: Cakulan Mai Ƙamshin Lemo

Kwanaki Yayana ya dawo daga Faransa da tsarabar wani cakulan mulmulalle kamar gullisuwa, wai shi turaful. Har na kai baki, Allah Ya taimake ni na duba bayan kwalin, sai ga wani suna, Grand Marnier. Da Yaya ya bincika, ashe giyar lemo ce, kashi 40 cikin 100 barasa. Wallahi gabana ya faɗi! Can manya ake yi wa irinsa, kuma sai an sauke daga wuta ake zuba ta, don haka tana nan daram.

To ƙawata, ga namu na halal. Ki ɗumama madarar gwangwani babban cokali 6 da bota cokali 1, ki kankare bawon lemon zaƙi guda a ciki, ban da farin, ɗaci gare shi. Ki juye kan baƙin cakulan giram 200 da kika daddatsa, ki juya har ya narke. Ki sa a firij awa 2, ki mulmula, ki birgima shi a garin koko.

In an kawo miki tsaraba dai, karanta kwali kafin ki miƙa wa ƙannenki. Sai wata mai zuwa, taku har kullum.