A buɗe kasuwar wuta, amma kada a sallami mai gadi



Daren jiya a fadarmu ta nan Saga, shayi na kan gawayi, ana zuba na biyu, sai wuta ta tafi. Kafin a kunna tocilan waya har gardama ta kaure. Wani abokinmu mai walda ya ce: «Wallahi a saki kasuwar nan kawai. A bar kowa ya kawo kuran ɗinsa ya sayar, mu zaɓi wanda muke so, kamar yadda muke zaɓen layin waya.» Wani kuma, ɗan manomin shinkafa, ya ce masa: «Ranar da aka saki, ranar za ka san kuɗin wuta.» Har aka sha na uku ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Na kwana ina juya maganar, don kowannensu yana da gaskiyarsa. Kuma ba mu kaɗai ke wannan gardama ba. Ana yin ta a ofisoshin gwamnati, ana yin ta da masu ba ƙasa bashi. Bambancin kawai shi ne su idan sun gama sai su sa hannu kan takarda, mu kuma sai faktir ta iske mu a gida. Shi ya sa ya kamata mu san abin da ake nufi da sakin kasuwar makamashi tun kafin a yanke mana hukunci.

Da farko, ƙofar nan ba a rufe take ba kamar yadda wasu ke zato. NIGELEC, kamfanin ƙasa da aka kafa a 1968, shi ke riƙe da wayoyi da raba wuta. Amma dokar lantarki ta watan Mayun 2016 ta ba ƴan kasuwa damar kafa tashoshin samar da wuta su sayar, kuma tun Disamban 2015 aka yi dokar kafa ARSE, hukumar da ke sa ido kan harkar makamashi da lissafin farashi. Tashar Goudel mai megawat 89, wadda aka buɗe a 2021, ta wani kamfani ce mai zaman kansa, Istithmar. Ke nan an riga an fara. Abin tambaya yanzu shi ne ina za a tsaya, kuma wa zai tsare mai saye.

Mu ba mai walda haƙƙinsa. Duk wanda ya girma a Yamai ya ga abin da gasa ta yi a harkar waya. Iyayenmu suna ba da labarin lokacin da samun layin tarho a gida sai mai hanya. Celtel ta shigo a 2001, Orange ta biyo a 2008, yau mai tallan goro ma yana da layi biyu, wanda ya tsawwala masa ya ajiye shi ya ɗauki wani. Mai sayarwa da ya san kana iya barinsa ba ya yi maka wulaƙanci.

Na biyu, akwai maganar jari. A ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a karkara kuwa abin ya fi haka muni. Baitulmali kaɗai ba zai iya ba. Madatsar Kandadji mai megawat 130 an aza tubalinta tun 2008, waɗanda aka haifa a shekarar sun zama samari, har yanzu ana jira. Mun kuma ga illar dogaro da hanya guda. Shekara da shekaru, kafin katsewar 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga Najeriya take zuwa. Da aka saka wa ƙasa takunkumi bayan 26 ga Yulin 2023, a farkon Agusta aka katse layin, kowa ya ga abin da ya biyo baya: masu ƙanƙara, teloli, masu niƙa, ɗalibai masu karatun dare. Tashar Gorou Banda da ke ƙetaren kogi, wadda aka buɗe a 2017, da gonar hasken rana mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023, su suka rage mana zafi. Da muna da irinsu biyar, ko na gwamnati ko na ƴan kasuwa, da abin bai kai haka ba. Rana kuwa Allah ya hore mana ita har ta yi yawa. Duk mai kuɗin da ke son ya mayar da ita wuta, ban ga dalilin hana shi ba.

To amma wuta ba katin waya ba ce, nan ne mai walda ya kuskure. Kamfanonin waya huɗu suna iya kafa eriya huɗu a kartiye guda. Ba wanda zai ja wayoyin lantarki huɗu a lungunmu don mu zaɓa. Wayar da ta shigo gidanka ɗaya ce, kuma duk wanda ya mallake ta ya mallake ka. Idan aka sayar da ita ga ɗan kasuwa ba tare da mai tsawata masa ba, ba gasa aka samu ba, an dai sauya maka maigida: daga wanda kake iya yi wa zanga-zanga zuwa wanda ba ka ma san inda yake zaune ba.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Nuwamban 2013 Najeriya ta miƙa kamfanonin raba wuta da na samarwa ga ƴan kasuwa. Ka tambayi danginka na Kano ko Katsina ko suna zaɓen kamfani. Ba sa zaɓe, kowane yanki da nasa guda. Miliyoyin gidaje sun shekara goma ba kwantar, ana rubuta musu kuɗi da ƙiyasi. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin da ake kira Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane kilowat, da alkawarin awa 20 na wuta a rana. Ma'anarsa a fili take: mai iya biya shi ke samun wuta, sauran su jira abin da ya rage. Senegal ta miƙa Senelec ga wasu kamfanonin waje a 1999, kafin 2000 ta ƙare gwamnati ta warware yarjejeniyar. Ko a Amurka, jihar Kalifoniya ta saki kasuwarta, sai ga dillalan wuta irin su Enron suna ƙirƙiro ƙaranci da gangan a 2000 da 2001 don farashi ya hau. Idan an yi wa Kalifoniya haka da duk lauyoyinta, mu fa?

Ba ko'ina abin ya lalace ba, gaskiya ce. Kot Dibuwar ta ba kamfanin CIE aikin raba wuta tun 1990, ƴan kasuwa sun gina tashoshi irin su Azito, yau har maƙwabta take sayar wa. Amma can gwamnati ba ta sayar da wayoyi ba, kuma ba ta saki farashi ba. Ta ba da aiki ne, ta riƙe linzami.

Akwai wani haɗarin da ba a cika faɗa mana ba. Ɗan kasuwa ba ya gina tashar biliyoyi sai an sa masa hannu cewa za a sayi wutarsa shekara da shekaru, kuma sau da yawa ana biyansa ko an sha wutar ko ba a sha ba. Idan an yi cinikin da kyau, kowa ya ci riba. Idan an yi shi a ɗaki a rufe, ba gasa, ba wanda ya ga takarda, to ƴaƴanmu ma sai sun biya, ko ta faktir ko ta haraji.

Sannan ɗan kasuwa inda riba take yake bi, kuma ba laifinsa ba ne, sana'arsa ke nan. Zai yi rububin masana'antu da manyan otal da gidajen Plateau. Wa zai yi rububin tsohuwa mai ƙwan fitila biyu da fanka guda? A tsarin da muke ciki akwai rangwamen farashi ga ƙananan masu amfani, kuma manyan masu sha su ke taimakawa wajen ɗauke nauyin. Ranar da manya suka fice suka koma wa mai sayar musu da arha, nauyin wayoyi da gyara zai dawo kan ƙanana. Nan ne maganar ɗan manomi ta fito. Fadamar shinkafar Saga da injinan famfo take shan ruwan kogi, kuma kuɗin wutar famfon yana cikin abin da kowane manomi ke biya ga ƙungiya bayan girbi. Idan kilowat ya hau, kuɗin ruwa ya hau, buhun shinkafa ya hau. Wanda ba shi da kwantar ma sai ya biya a kwanon tuwonsa.

Kasuwar da ba mai gadi mun riga mun ɗanɗana ta. Bayan katsewar 2023 na haɗa ƴan kuɗina na saya wa innata fanon sola da batir a wani shago, don firigon da take sayar da ƙanƙara da bisaf. Mai shago ya rantse batirin zai shekara uku. Wata biyar ya yi. Na koma, ya ce ai kaya sun bar shago. Ba takardar garanti, ba inda zan kai ƙara. Masu sayarwa sun fi ashirin a layin, gasa kamar me, amma ba wanda ke auna ingancin abin da suke shigowa da shi. Ga ƴanci, ga zaɓi, ga asara.

Kada kuma wani ya ɗauka ina cewa hannun gwamnati ba ya kuskure. Dubi mai. Muna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, gwamnati ke yanka farashi, kuma a Yulin 2024 an rage litar isansi daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. Kowa ya ji daɗi. Amma da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, man da ake shigowa da shi ta bayan fage ya yi tsada, jama'a suka koma tashoshi, a Maris na 2025 sai ga layuka ko'ina cikin Yamai. Farashi mai sauƙi a kan allo bai amfani ɗan kabu-kabun da ya wuni a layi da komai ba. Ƙayyade farashi yana kare mai saye ne kawai idan kayan suna nan.

Don haka ga inda muka tsaya. Samar da wuta a buɗe shi, kowa ya zo, musamman masu hasken rana, amma ta hanyar gasa a bainar jama'a, wanda ya fi arha da inganci ya ɗauka. Duk yarjejeniyar sayen wuta a wallafa ta, farashinta da tsawon shekarunta, tunda mu za mu biya. Wayoyi da raba wuta su zauna hannun ƙasa, amma a riƙa fito da lissafi duk shekara: nawa aka saya, nawa ta ɓace a hanya, su wa ke cin bashi ba sa biya, ko da ma'aikatun gwamnati ne. Rangwamen ƙananan masu amfani da na famfunan noma kada a taɓa shi. ARSE a ba ta haƙora da ƴancin kanta, kuma kafin a taɓa farashi a zauna da ƙungiyoyin masu saye, a yi bayani da Hausa da Zabarmanci a rediyo, ba da Faransanci kaɗai ba. Kayan sola kuma a auna su tun daga bakin iyaka, a tilasta garanti a rubuce.

Wani zai ce wa zai saurare mu? Ku tambayi yayyenku abin da ya faru a 2005. Da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan kayan masarufi har da ruwa da wuta, ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa suka fito a watan Maris, aka rufe kasuwanni, gari ya yi tsit, kafin Afrilu ya ƙare gwamnati ta sassauta. Waɗancan ba su da Facebook, ba su da WhatsApp. Sun dai san abin da aka rubuta a dokar, kuma sun san abin da zai ci musu a aljihu.

Mu fara daga nan. Ka ɗauko faktir ko rasit ɗin kwantar gidanku, ka duba kilowat nawa kuka sha da kuɗin kowane ɗaya, ka karanta wa tsofaffin gida. Ka riƙa rubuta awannin da wuta ta tafi a kartiyenku tsawon wata guda. Mu a fadarmu mun sayi littafi tun yau, mai walda ke rubutawa, ɗan manomi ke duba agogo. Ranar da aka kira taron farashi, da shi za mu je.